Ranar da Barmo Ya Saki Lantana Sau Biyu

Barmo taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗarsa, kuma da yana raye da ya rama da abin da ya fi shi zafi. Ni tela ne, shi manomin albasa, a ƙauyenmu da ke kusa da Sabon Gida cikin ƙasar Madawa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa duk faso saboda tsayuwa cikin laka. Tun yana saurayi mahaifinsa ya rasu ya bar masa garka, wato lambu, da rijiya a fadama, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa, yana jan ruwa yana zuba wa albasa. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ci-rani Abijan, ya dawo kafin damina ya ce garin da mutane ke kwana ba su sha fura ba bai ga abin zama a cikinsa ba.

Abin da Allah ya ba shi bai ba kowa a garinmu ba shi ne murya. In Barmo yana garka yana faɗa da jakinsa, mu da ke bakin kasuwa mun san laifin jakin. Dillalan albasa da ke zuwa da manyan motoci sukan aiko yaransu su yi ciniki da shi, don kada kunnuwansu su wahala. Amma mafi yawan muryar nan a gida take ƙarewa, a kan matarsa Lantana. Yau fura ta yi ruwa, gobe miya ta yi gishiri, jibi an kawar masa da hula daga inda ya ajiye. Ita kuwa doguwar mace ce marar yawan magana, sana'arta dakan ganyen albasa tana dunƙula gabu tana shanyawa. Sai ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji, sannan ta faɗi kalma ɗaya ko biyu, ka ji gidan ya yi tsit. A shekarun fari, da rijiyar garka ta ƙafe, ita ta sayar da tasoshin aurenta aka ƙara mata zurfi. Barmo bai taɓa yi mata godiya a gaban mutane ba, mu ma ba mu sa ran zai yi ba.

'Yan shekaru bayan farin nan, lokacin cirar albasa, wata tsohuwar mota ta shigo garinmu tana tari, ta tsaya ƙofar mai gari. Mutanen cikinta suka ce daga Yamai suke, sun zo yin silima. Shugabansu wani saurayi ne siriri ɗan garin Buza, Attahiru, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransanci saboda ya yi zurfi a lakkwal, wato makarantar boko, amma Hausarsa ta gida ba ta gurɓace ba. Tare da shi akwai Halidu mai ɗaukar murya, da wani dogon Bazabarme mai riƙe kamera wanda ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Mun taɓa jin labarin silima, muna zaton masu yin sa manyan mutane ne. Waɗannan kuwa a rumfar mai gari suke kwana, abin ɗaukar muryarsu a bakin gora yake ɗaure da tsumma, abin da suke haska fuska da shi kwali ne da aka manna wa takardar sigari mai ƙyalli. Fitilarsu rana ce. In ta faɗi, aiki ya tashi.

Labarin da suka zo yi na wani ɗan ci-rani ne da ya dawo da rediyo da tabarau, ya raina matarsa ta ƙauye, ya sake ta, daga baya ya yi nadama. Waɗanda za su fito a miji da mata sun saɓa wa Attahiru alkawari tun a Yamai, sai ya ce a nan zai nemi wasu. Miji bai yi wuya ba, domin ranar kasuwa ya ji Barmo yana ciniki, ya bi muryar har ya same shi. Matar ce ta gagara. A garinmu babu magidancin da zai yarda a kira matarsa matar wani, ko da wasa, kuma babu uban da zai ba da 'yarsa. Mai gari ya ce hanya ɗaya ce, a ɗauki miji da matarsa ta gaske. Haka Lantana ta shiga silima, bayan ta gindaya sharaɗin ba za a hana ta shanya gabunta ba.

Ni aka ba ɗinkin kayan ɗan ci-rani, wando mai faɗin ƙafa da riga mai matse ciki. Da Barmo ya sa su, ya ɗora tabarau, ya rataya rediyon da ba batir a cikinsa, na ce masa in ya bi ta garka haka ba sauran tsuntsun da zai sauka a fadamar. Ya ce aikin telan ne ya nuna.

Ranar da nake son ba da labarinta ita ce ta ƙarshe, domin motar aro ce, mai ita yana jira. Tun da safe aka bi gida-gida ana roƙon mata su dakata da daka, saboda Halidu ya ce taɓarya tana shiga masa cikin aiki. Matan suka dakata suna gunaguni, suka ce in tuwon dare ya yi latti kowa ya je ya ci silima. Aka kore awaki, aka share hanya. Attahiru yana ta zirga-zirga yana duban sama, yana duban gwangwanin zaren hoton da ake sa wa kamera. Saura kaɗan gare su, kuma duk abin da aka ɗauka ya tafi ke nan, ba su ma iya ganin abin da suka yi sai an kai an wanke a wata ƙasa. Shi ya sa in mutum ya ɓata, Attahiru yakan dafe kansa kamar an yi masa rasuwa.

Barmo kuwa ya ɓata ba adadi. An ce ya shigo gari yana taƙama, kada ya kula kowa. Da ya zo daidai wani tsoho da ke zaune gindin bango sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya durƙusa.

Attahiru ya ce, "Baba Barmo, nic ce kak ka gaida kowa."

Barmo ya ce, "Mushe, wanga abokin babana na. In wuce shi awa ban gane shi ba, gobe ku kun tahi Yamai, ni da wace huska za ni bi ta nan?"

Sai da aka ɗauke tsohon da tabarmarsa aka mai da shi bayan kamera sannan Barmo ya iya taƙamar. Ya kuwa iya ta, har ta so ta yi yawa.

Bayan azahar aka koma tsakar gidan Barmo, inda za a yi sakin. Rabin gari ya zo kallo, wasu kan katanga, wasu a zaure. Aka zuba toka a ƙasa a inda kowa zai tsaya. Lantana tana bakin ɗakinta da ƙunshin kaya a ka, wanda ni na cusa wa tsummokaran shagona don ya yi girma.

Attahiru ya ce, "Baba, in nic ce aksiyon, ka dubi Inna Lantana ka ce, ɗauki kayanki, na sake ki. Shi ke nan. Wasa na."

Barmo ya ce, "Wanga ɗan abu? Ko kwana nikai ina iyawa."

Kamera ta fara ƙugi. Barmo ya turo ƙirji, ya nuna ƙofa, ya faɗa da murya irin tasa har kajin maƙwabta suka watse. Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai jakinsa da ke turke bayan danga, da ya ji muryar ubangidansa, ya ɗauka da shi ake, ya amsa da kuka mai tsawo. Halidu ya cire abin kunnensa ya girgiza kai. Aka ja jakin zuwa fadama, mutane suna ta dariya, aka sake tsayawa.

Karo na biyu Barmo ya ƙara wa abin gishiri. Ya girgiza kai da ƙarfi yana faɗar na sake ki, sai tabarau ɗin ya zamo ya rataye a kunne ɗaya. Lantana, wadda ya kamata ta sunkuyar da kai ta yi kuka, ta dube shi ta fashe da dariya har ƙunshin ya faɗo. Attahiru ya ce kupe, wato a tsaya, ya je ya jingina goshinsa da bango.

Ana cikin gyara wa Barmo tabarau sai muka ji wata 'yar murya daga gefe. Tabawa ce, gwaggon Lantana, tsohuwa tukuf, tana zaune kan kifaffen turmi tana kaɗi tun da aka fara.

Ta ce, "Biyu ke nan."

Attahiru ya juya ya ce, "Mi kic ce, Inna?"

Ta ce, "Nic ce biyu ke nan. Da kunnena nij ji miji ya ce ma matatai ya sake ta, gaban jama'a, rana tsaka, har sau biyu. Saura guda."

Dariyar ta mutu a bakin kowa. Ba wanda bai san igiyar aure uku ba ce, kuma ba wanda bai san in ta uku ta tsinke ba kome sai mace ta auri wani. Mun sani sarai, Attahiru ma ya sani, ɗan Adar ne kamarmu. Abin da ya faru shi ne kamera da tabarau da kukan jaki sun ɗauke mana hankali gaba ɗaya, sai tsohuwar da ba ta damu da silima ba ita kaɗai take sauraren abin da ake faɗa. Ni da na zo musamman don in tara abin da zan tsokani Barmo da shi har shekara ta zagayo, sai tsokanar ta fita raina.

Aka aika a kira liman, wanda bai daɗe da dawowa daga suna a wani ƙauye ba. Ya zo ya zauna, aka faɗa masa komai. Ya dubi Barmo cikin wandon nan ya ɗan kau da kai, sannan ya fara tambaya.

"Matarka ta?"

"Ita ta, Allah gafarta malam."

"Da bakinka kaf faɗi?"

"Da bakina."

"An tilasta ma?"

"A'a."

"Ka sha wani abin da ka gusar da hankali?"

"Hura kaɗai nis sha."

Liman ya shafa gemu. Ya ce, "Abin da nit taras ga malamaina, wagga kalma ba ta san wasa ba. Can birane akwai waɗanda sunka hi ni karatu, ƙila su ga wata hanya. Ni dai ga sanina, biyu sun tahi. Kana iya maido ta da baki, yanzu ko an jima. Amma in kac cika ta ukku, ba ni da magani."

Barmo ya zauna a kan toka.

Attahiru ya shiga tsaka mai wuya, kuma na tausaya masa, don ba mugu ba ne. Ya ba Lantana haƙuri, ya ba liman, ya ba Tabawa. Amma rana ta fara karkata, zaren da ya rage bai wuce na ɗauka ɗaya ba, kuma in babu wurin sakin nan duk wahalar da suka sha ta tashi a banza. Sai ya kawo dabara. Ya ce Barmo ya tsaya ya nuna ƙofa, ya motsa baki da wata magana dabam, ko ina wuni ce, in sun koma Yamai a sa muryar wani a kai. Liman ya ce ina wuni ba ta taɓa kashe aure ba. Barmo ya yi gunagunin yadda za a nuna shi a bango da muryar wani ƙato, amma ya ɗaga kai ya yarda.

Na matsa kusa da shi na ce, "Kai gajere, maido ta tukuna mana."

Idon gari duk yana kansa, shi kuwa girman kai ya yi masa yawa. Ya ce, "Ina aka kai? Ai ba gudu takai ba. A gama aikin mutane."

Lantana ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Bar shi, tela. Shekara da shekaru shina cewa hurata ruwa ta. Ga ƙohwa Allah ya buɗe mai, shi yi abin da ya ga dama." Ta tsince ƙunshin da ya faɗi ta shiga ɗaki, ta ce za ta gyara ɗaurin.

Ta ɗan jima a ciki. Da ta fito, ƙunshin ya ƙanƙance, ya kuma yi nauyi. Tsummokarana na hango a zube bayan ƙofa. Ta gefen ɗaurin ina ganin bakin zanenta na zuwa biki, wanda ni na yi wa kalmasa, da mayafinta, da 'yar ƙwaryar da take shan fura a ciki. Kayanta na gaske ta ɗaure. Har yau ban san ko tafiya ta yi niyya ba ko so take ta ga iyakar mutumin. Na tambaye ta daga baya, ta ce in ji da kekena.

Aka ce kowa ya yi shiru, ko da yake ba mai magana. Kamera ta fara ƙugi. Attahiru ya ce aksiyon a hankali, kamar mai jin kunyar kalmar.

Barmo ya ɗaga hannu zai nuna ƙofa. Ya dubi Lantana, ya dubi ƙunshin, na ga ya gane ƙwaryar. Hannun ya tsaya a sama, bakinsa a buɗe, ina wunin ta ƙi fita. Sai ya cire tabarau ya yar, ya tsallake tokar da aka ce kada ya wuce, ya je ya kama ƙunshin da hannu biyu. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da Halidu ya sauko da gorar kusa da kansu.

Ya ce, "Sauke. Lantana, sauke kayanga. Ina za ki? Na maido ki. Malam, ka jiya? Ku shaida dut, na maido ta." Ya juya ga Lantana. "Ni in kin tahi, ban san yadda aka kwana gidanga ba. Rijiyar ma taki ta. Komi naki na."

Hawaye na bin fuskarsa, cikin rigar nan mai matse ciki, ga rediyo yana lilo a kafaɗa. Abin dariya ne, amma ni kuka na ji ya taso mini, kuma ba ni kaɗai ba.

Lantana ta bar shi ya sauke ƙunshin. Ta ce, "To na jiya. Bari jan zanena, mutane na kallo."

Attahiru bai ce kupe ba. Ya bar dogon Bazabarmen yana ɗauka har zaren ya ƙare da kansa. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana share ido, ya ce labarinsa ya lalace, amma zai san yadda zai yi da shi. Mata suka rangaɗa guɗa, suka watse zuwa ga turamensu, kafin ka ce me garin ya ɗauki daka ta ko'ina.

Barmo dai bai gama ba. Da muryarsa ta dawo, ya tare Halidu yana nuna akwatin ɗaukar magana. Ya ce, "Waɗancan biyun da ke cikin abinga hwa? In kunka kai Yamai kuna kunnawa kullum, kullum sakinta nikai ke nan?" Liman kansa ya ce wannan tambayar bai taɓa cin karo da ita a littafi ba. Halidu ya ce abu mai sauƙi ne. Ya juya zaren baya, ya goge wurin a gaban kowa, ya kunna, ba a jin komai sai shuuu. Barmo ya kara kunne ya saurara har ya gamsu. Ya tambayi liman ko gogewar ta dawo masa da igiyoyinsa, liman ya ce a'a, waɗannan ba a akwati suke ba.

Silimar ta fito bayan 'yan shekaru, aka nuna ta a bangon wata lakkwal a Madawa, muka tafi a amalanke. Attahiru ya sauya labarin, ɗan ci-ranin bai saki matarsa ba. Da aka zo wurin ƙunshin, filin ya yi tsit, sannan aka yi ta tafi. Lantana ta rufe fuska da mayafi. Barmo kuwa abin da ya dame shi a hanyar dawowa shi ne an nuna awakin mai gari ba a nuna jakinsa ba.

Bai daina faɗa ba, kada in yi masa ƙarya. Dillalai sun ci gaba da shan wuya, ni ma haka. Amma a cikin gida, in ransa ya ɓaci ya ji magana ta taso, sai ka ga ya dafe baki da tafin hannu, ya ɗauki guga ya nufi garka, can ya sauke wa albasa. Lantana kuwa ta samu abin riƙo. In ya fara ƙorafin miya takan ce, ba tare da ta ɗago daga gabunta ba, a dai yi hankali, guda ta rage. Yara suka tashi suna jin haka, har jikoki suka koya suna faɗa masa.

Lantana ta riga shi rasuwa, wata damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna kusa da shi a zaure, na lalubi abin tsokana a bakina kamar yadda taubashi ke yi ko a gidan makoki, na rasa. Shi ya fara magana, a hankali, yana duban ƙofar ɗakinta.

Ya ce, "Wasu ukku gare su, suna wasa da su. Ni guda gare ni, tela, kuma ba ni nit tsinke ta ba."